Abin da Ya Yi Tsalle Daga Kan Ƙoƙo

Saƙon ya shigo wayar Maman Ƙoƙo tana tsaka da ɗaure wa wani tabarau ƙusa, irin mitsitsin ƙusoshin nan da in ɗaya ta faɗi ƙasa sai dai a yi mata addu'a. Daga Anti Babba ne, shugabar gidan renon yaran da take kai 'yarta kullum da safe kafin ta wuce shagon tabarau inda take aiki. Abin da aka rubuta ke nan: "Yarinyarki ta zo mana da kuma."

Maman Ƙoƙo ta jira ragowar maganar, ba ta zo ba. Ta ajiye sukudireba ta rubuta: "Da kuma me, Anti?"

"Kuma."

"Eh, na gani. Kuma me?"

"Kuma dai. A kanta."

"A kanta kuma?"

"Yawwa, ashe kin gane."

Ba ta gane komai ba. Ta danna kira. Anti Babba ta ɗauka da muryar wadda aka ɓata wa lokaci.

"Ƙuma nake ce miki, baiwar Allah! Ƙuma! Mai tsalle, mai cizo! Wayata ce ba ta da harafi mai lanƙwasa. Ki zo ki ɗauki 'yarki."

Dole a tsaya a nan a yi bayanin kan yarinyar, don a kansa komai ya rataya. An haife ta ba ko silin gashi, kai sumul yana ɗaukar ido. Ranar da dangin uban suka zo ganin jaririya, wata gwaggo ta leƙa ta ce, "Kai, wannan ai ƙoƙo ne aka wanke." Aka yi dariya, sunan ya zauna daram. Uwar, da ba ta yi dariyar ba, ta wayi gari ita ce Maman Ƙoƙo har a bakin mai kawo ruwa. Tun daga nan ta ɗaura ɗamarar ƙaryata sunan. Ba man da ba ta shafa ba. Ta ɗinka wa matashin yarinyar riga mai santsi don kada ƙeya ta goge. Ta hana kowa shafa kan da busasshen hannu. Aka daɗe ana kallon fili, sannan wani abu kamar hayaƙi ya fara tsirowa, ya yi duhu, ya yi kauri. Yanzu da yarinyar ta doshi shekara huɗu, gashin ya isa a kama shi gida biyu da ribom, kowane gida kamar dunƙulen hannu. Sunan bai tafi ba, amma duk wanda ya kira shi ya san ƙarya yake yi, wannan kuwa ya ishi uwar.

Ta nemi izinin mai shago, ta tsallaka titi, ta isa gidan reno tana haki. Ta tarar an zaunar da Ƙoƙo ita kaɗai a kan kujerar roba a tsakiyar ofis, an ja duk sauran kujerun sun koma jikin bango. Yarinyar ba ta damu ba, ƙafa take kaɗawa tana waƙa.

Anti Babba mace ce mai jiki da ɗaurin ɗankwali mai tsayi, ba ta magana sai da biro a hannu. Ta ce lokacin barcin rana ne mai reno ta ga wani ɗan abu ya yi tsalle daga kan Ƙoƙo ya dira a tabarma, ya sake yin wani tsallen, ta bi shi da silifa.

"To ina gawar?" in ji Maman Ƙoƙo.

"Wace gawa? Silifa ce fa. Ko alama bai bari ba."

"Anti, ƙumar da na sani sai an sa ta tsakanin farce biyu kafin ta fashe. Kuma ba ta zama a gashin mutum. Kwarkwata ce ke zama, ita kuwa ba ta tsalle."

"Ni ba ruwana da inda kowa ke zama. Dokar gidan nan ɗaya ce: duk abin da ya yi tsalle daga kan yaro, a sauke gashin. Ki yi mata aski tas, gobe ta dawo. In ba haka ba, ta zauna a gida."

Zaman gida ba zai yiwu ba, Anti ta sani. Uwar tana aiki, uban yana aiki, kakar kuwa gwiwa ba ta barinta bin yarinya mai gudu kamar an kunna ta.

A gida Maman Ƙoƙo ta shimfiɗa farin zane a tsakar ɗaki, ta kwance ribom, ta bi gashin da ƙaramin mataji layi layi. Ba ƙwai, ba ƙwaro, sai ɓurɓushin busasshen ganye da rabin tsinke. Ta tuɓe yarinyar ta duba wuya, hammata, bayan gwiwa, tsakanin yatsu. Fata lumui, ko ɗigon cizo babu.

"Kina jin ƙaiƙayi?"

"A'a. Mama, zan je in gaida kifina."

"Je ki, kada ki taɓa ƙasa."

Kifin nan ya kwana biyu a bakin Ƙoƙo. Kafin shi akwai wani zaki da ke zaune ƙarƙashin gado, da wata ƙawa da ba wanda ke gani sai ita, don haka ba wanda ya taɓa tambayar inda kifin yake.

Kaka, mahaifiyar Baban Ƙoƙo, tana zaune bakin ƙofa tana kallon wannan bincike da tausayi.

"'Yar nan, wahalar da kanki kike yi. Gashi ne fa, ba yatsa ba. Ya tsiro."

"Mama, kin manta yadda aka yi ya tsiro na farko?"

"To ai yanzu ya san hanya."

Ana haka Baban Ƙoƙo ya dawo daga aiki. Mai gyaran wutar lantarki ne, mutumin da ke hawa tsani ya kama waya ba gezau, amma ɗan ƙwaro ya sa shi ya bar ɗaki. Yana jin kalmar ƙuma hannunsa ya tafi gemu. Daga gemu ya koma ƙeya. Kafin matarsa ta gama ba shi labari yana susa da hannu biyu.

"Shi ya sa! Wallahi tun shekaranjiya nake jin abu yana yawo a kaina."

"Baban Ƙoƙo, shekaranjiya lafiyarka ƙalau."

"Ke kika san cikin gemuna? Bari in je in dawo."

Ya fita bai ko cire jakar aiki ba. Da ya dawo, Ƙoƙo ce ta fara ganinsa. Ta tsaya cak, ta ja da baya, ta ɓuya bayan zanen uwarta.

"Mama, wani mutum ya shigo da rigar Baba."

Ba gashin kai, ba gemu, ba gashin baki. Haɓarsa, da rabon duniya da ganinta tun kafin aure, ta fito fara sol, ƙarama, kamar ta wani yaro da aka aro. Kaka ta dube shi sama da ƙasa.

"Ka ga Ƙoƙo babba. Ai ga shi nan, uban ma ya yi, bai mutu ba. Gobe da safe in an karya, ni zan yi wa ƙaramar da hannuna. Ka sayo sabuwar reza?"

Ya sayo. Har guda biyu.

Maman Ƙoƙo ba ta musu da surukarta a gaban mijinta. Amma a ranta ta riga ta yanke: ba wanda zai ɗora reza a kan nan sai ta ga fuskar abin da ake zargi. Ba a yanke wa mutum hukunci da shaidar silifa.

Ba ta daɗe tana jira ba. Gab da faɗuwar rana Ƙoƙo ta sake zagayawa bayan gida yi wa kifi sai da safe. Da ta dawo ta ratsa ta gaban taga, sai uwar ta hango wani ɗan ɗigo mai ruwan ƙasa a kan tsagar gashin, yana tafiya abinsa kamar mai duba gona.

"Tsaya nan. Kada ki motsa. Kada ki yi numfashi."

Ta lalubo kwalbar da take tara ƙusoshin tabarau a jakarta, ta zazzage su a faranti, ta matso a hankali. Abin ya yi tsalle. Tsallen na gaske ne, Anti ba ta yi ƙarya ba. Ya dira a labule. Ta kifa masa kwalba, ta zura murfi.

Baban Ƙoƙo ya leƙo daga bayan ƙofa. "Ki kashe shi!"

"Ka kawo min fitila."

Ta ciro gilashin da take duba ƙusa da shi a shago, mai mayar da ƙwayar gero kamar ƙwallo. Ta kafa ido. Abin da ta gani bai fi ƙwayar riɗi ba a zahiri, amma a cikin gilashi ya fito da siffarsa tsaf. Bayansa a dunƙule yake kamar an kifa cokali, da wani siririn layi da ya raba shi biyu daga wuya zuwa gindi. Jikin duk laushin gashi ne mai ruwan zuma. Kai kuwa ba a ganinsa ta sama, ya cusa shi ƙarƙashin kafaɗa kamar ɗalibin da bai yi aikin gida ba. Da ya hau jikin kwalba ta ga cikinsa, sai ga cinyoyin baya dirka-dirka, sun ninka sauran ƙafafun, kamar na ɗan ƙwallo.

Ita dai ba ta san sunansa ba, amma ta san wadda za ta sani. Akwai wata Dakta da ke koyar da ilimin ƙwari a makarantar aikin gona, wadda ba ta wata guda ba ta zauna a kan tabaranta ta kawo gyara ba. Maman Ƙoƙo ta ɗora wayarta a kan gilashin, ta ɗauki hoto, ta aika, ta rubuta tambayarta da harafi mai lanƙwasa don kada a sake. Ko ajiye wayar ba ta yi ba kira ya shigo.

"Kada ki kashe shi! A ina kika samu? Yana da rai? Ki sa masa ɗanyen ganye a kwalbar. Da sassafe ina nan tafe. Kwatanta min gidan."

"Dakta, ƙuma ce ko ba ƙuma ba ce?"

"Wace irin ƙuma! Kwatanta min gidan."

Da safe, ana gama karyawa, Kaka ta fito da kayan aiki: kwano da ruwan ɗumi, sabulu, tawul, reza a takardarta. Ta zauna kan kujera 'yar tsugunno ta buga cinya.

"Ƙoƙo, zo nan, 'yar albarka."

"Mama, a ɗan jira baƙuwa."

"Baƙuwar aski za ta yi?"

"Ruwan ya yi zafi da yawa, bari in sirka."

Ta sirka har ya yi sanyi, ta ce bari ta sake ɗumamawa. Tana cikin ɗumamawar aka buga ƙofa. Dakta ce, 'yar siririya, da jaka a kafaɗa da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Ta gaida Kaka a tsaitsaye, idonta yana neman kwalba.

Kaka ta ce, "Likita, sannu da zuwa. Tunda Allah ya kawo ki, gwiwar nan tawa..."

"Ayya, Mama, ni ba likitar mutane ba ce. Ƙwari nake karanta."

"Ikon Allah. Ƙwari ma sun samu likita, mu muna nan."

Dakta ta karɓi kwalba da gilashi, ta duba, fuskarta ta washe kamar an nuna mata jika.

"Kai, masha Allah, ji cinya! Wannan ƙwaron fadama ne. Danginsu ɗaya da buzuzu, sai dai shi ƙarami ne, kuma ba ya harka da kashin shanu. Ku matso ku gani. Baban yarinya, matso mana."

"Ina ji daga nan."

"Ƙuma a matse take ta gefe da gefe, kamar an danne ta a tsakanin littafi, don ta riƙa ratsa gashin dabba. Ba ta da fiffike ko kaɗan, jikinta tauri, bakinta allura. Wannan kuwa ku dubi bayansa, faffaɗa ne a dunƙule. Layin nan na tsakiya, nan ne murfin fiffikensa biyu suka haɗu. Ƙarƙashinsu akwai fiffike na gaske a naɗe. Jikinsa taushi gare shi, in kika danna shi da yatsa ya tafi. Ba ya shan jini, ba shi da abin sha ɗin ma. Kwanakinsa kaɗan ne a duniya, ya samu mata, a yi ƙwai, shi ke nan."

"To tsallen fa?" in ji Kaka. "Mutumin kirki ba ya tsalle haka."

"Tsoro ne, Mama. Ba duk danginsa ke yi ba, sai masu wannan cinyar. Akwai ma wani mai tsalle irinsa da ke huda ganyen lambu, amma shi wancan yana ƙyalli, kansa a waje. Wannan mai kunya ne." Ta juyo ga Maman Ƙoƙo. "Yanzu nuna min ruwan."

"Wane ruwa?"

"Inda suke haihuwa. 'Ya'yansu a ruwa suke girma, ruwan da ya kwanta, ganye ya ruɓe a ciki. Kogon bishiya, bakin fadama, tsohuwar taya."

Maman Ƙoƙo ta ji maganar har ƙashinta. Ita da ke zagaye gida bayan kowane ruwan sama tana kifar da gwangwani, har murfin kwalba ba ta bari, saboda sauro?

"Dakta, gidan nan ba kwantaccen ruwa. Ko cokali ɗaya."

"Ban da gidan kifina," in ji Ƙoƙo.

Kowa ya juyo ya dube ta. Ta kama yatsan Dakta, tunda ita ce ta nuna alamar hankali, ta ja ta bayan gida. Sauran suka biyo, Kaka tana ɗingishi da reza a hannu. Tsakanin tankin ruwa da katanga akwai wani ɗan lungu da babba ba ya shiga sai a karkace. Reshen bishiyar maƙwabta ya sunkuyo a kansa, ciyawa ta yi tsayi saboda ɗigon tanki. A can ciki, a tsaye, ga takalmin ruwa na roba mai dogon wuya, ƙafa ɗaya.

"Takalmina!" in ji Baban Ƙoƙo. "Wanda na ce an sace!"

Ƙoƙo ta durƙusa, ta cusa kanta cikin ciyawar har ribom ya ɓace, ta leƙa bakin takalmin ta ce, "Ina kwananku?" Ƙananan abubuwa suka yi ta tsalle daga ganye, biyu suka sauka a gashinta. Maman Ƙoƙo ta ga yadda aka yi, ba sai an faɗa mata ba.

Dakta ta jawo takalmin waje da hannu biyu kamar mai ɗauko jariri. Ruwan ciki ya yi kalar shayi, ganye ya cika shi. Ta ɗebo kaɗan a farin murfi. Ga su nan, 'yan falle-falle masu ruwan ƙasa, kowanne da dogayen zare biyu a ka, suna rarrafe.

"'Ya'yan kyankyaso!" Baban Ƙoƙo ya koma bayan mahaifiyarsa.

"Kifi ne," in ji Ƙoƙo. "Ga gashin bakinsu. Kai ba ka da shi."

"Ba kifi ba ne, ba kyankyaso ba ne," in ji Dakta, "amma da gashin bakin nan ake gane su. Duk cikin 'ya'yan dangin buzuzu ba mai dogon zare mai gaɓoɓi da yawa haka sai su. Ku dubi wancan." Ɗaya ya taso sama, ya juya ciki sama, yana tafiya a ƙarƙashin fatar ruwan kamar ƙadangare a silin. "Ta gindi yake shaƙar iska. Ya ɗan ɓullo da shi waje, ya ɗauka, ya koma."

"Ta ina?" in ji Kaka.

"Ta gindi, Mama."

"Allah mai iko. Kuma a kan wannan aka yi miki digiri."

"Abincinsu dattin ruɓaɓɓen ganye ne, suna tace shi da baki. Wa ke zuba musu ganye haka da yawa?"

"Ni," in ji Ƙoƙo. "Da biskit."

Maman Ƙoƙo ba cinya ko gindi take kallo ba. Ta hango wasu 'yan tsutsotsi daban a gefen murfin, masu wutsil-wutsil, waɗannan kuwa ta san su sarai.

"Dakta, waɗancan na sauro ne ko?"

"Eh to, sukan zauna tare."

"Miƙo takalmin in kifar."

Dakta ta rungume shi a ƙirji, ruwa ya fantsal a rigarta. Ta ce ta daɗe tana neman irin wannan ta nuna wa ɗalibai, takalmi guda da iyali a ciki, ba za a zubar a gabanta ba. Ƙoƙo ta buɗe baki za ta fasa kuka. Aka yi sulhu a tsaye: kifi za su tafi makaranta, tunda kowa ma yana zuwa, kuma za a kai Ƙoƙo ta gaishe su. Dakta ta tafi da takalmi a kujerar gaba ta motarta, ta ɗaura masa bel. Kafin ta tayar da motar, Maman Ƙoƙo ta roƙe ta ta biya gidan reno ta yi wa Anti bayani, Dakta ta ce ɗalibai na jiranta, kuma ruwan ba ya son zafi.

Baban Ƙoƙo ya tsaya bakin ƙofa yana shafa haɓa. "Wato ba ƙuma ba ce."

"Ba ita ba ce."

"Tun jiya kin sani?"

"Tun jiya nake ce maka ka tsaya."

Kaka ta mayar da reza takardarta, amma ba ta kai ta ɗaki ba. "Ni na ji. Sai dai ba likitar ƙwari ke riƙe da ƙofar gidan reno ba. In Anti ta ce a'a, ruwana yana kan wuta."

Maman Ƙoƙo ta tsince ƙwarin da ke kan 'yarta ta ƙara a kwalba, ta gyara ribom, ta saka gilashi da ƙaramin kofin shayi na tangaran mai haske a jaka, suka kama hanya.

Sun isa lokacin da iyaye ke ajiye yara, ƙofar ofis cike. Anti Babba ta ga gida biyu na gashi suna shigowa, ta ɗaga biro.

"Maman Ƙoƙo, ina ce mun yi magana."

"Mun yi, Anti. Na kawo mai laifin ne ki gan shi."

Ta ajiye kwalba a tebur. Iyaye suka ja baya, yara suka matso. Ta miƙa gilashi, ta faɗi duk abin da ta ji: faɗin baya, layin tsakiya, ɓoyayyen kai, taushin jiki. Anti ta kanga gilashin a ido ta duba.

"Ni wani ƙaton abu nake gani mai zane-zane."

"Babban yatsanki ne, Anti. Ki ɗan matsar."

Ta matsar, ta duba, ta ajiye. "Yana tsalle ko ba ya yi?"

"Yana yi. Amma ba ya cizo."

"Wa ya ce?"

Maman Ƙoƙo ta naɗe hannun riga. Ta karkata kwalba, ɗaya ya faɗo a damtsenta, ta kife shi da kofi. Ƙwaron ya zagaya, ya tsaya, ya goge ƙafa, ya sake zagayawa. Ba ta motsa ba.

"Ya ƙoshi ne," in ji Anti.

"Tun jiya yake kwalba, ganye kawai ya gani."

"To jininki ne bai yi masa ba. Akwai masu ɗacin jini."

Wata uwa daga baya, mai goyo, ta ce, "To a gwada na Anti mana." Wasu suka ce ai kuwa. Anti Babba ta dubi iyaye, ta dubi masu reno biyu da suka leƙo ta taga, ta ga ba hanyar fita. Ta miƙo hannu, ta kawar da kai, ta runtse ido kamar za a yi mata allura.

Wajen sauya kofi daga hannu zuwa hannu aka samu ɗan tsaiko. Ƙwaron ya ga ƙofa. Tsalle ɗaya, ya ɓace.

"Ina yake? Ina yake?"

"Ga shi can!" in ji wani yaro. "A kan Anti!"

Yana nan kuwa, a kan ɗan gashin da ya leƙo ta gaban ɗankwali, yana tafiyarsa ta mai duba gona. Anti ta daskare, biro a sama.

"Cire min. Maman Ƙoƙo, don Allah cire min."

Kafin a kai hannu ya sake tsalle, daga kan Anti Babba ya dira tsakiyar tebur, a gaban shaidu.

Ƙoƙo ce ta yi maganar, da murya mai tausayi. "Anti, za a yi miki aski. Kakata tana da reza biyu."

Mai goyon nan ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Masu reno suka ɓace daga taga, ana jin su a bayan gini. Maman Ƙoƙo ba ta yi dariya ba, ko murmushi. Ta tsaya da kofi a hannu tana jira, don ba dariya ta kawo ta ba.

Shi kuwa ƙwaron, da ya gaji da jama'a, sai bayansa ya tsage daidai kan layin nan, murafun biyu suka ɗaga, wasu siraran fikafikai suka warware daga ƙasa. Ya tashi, ya yi wani karkataccen zagaye a saman tebur, ya fice ta taga.

"Ƙuma dai ba ta tashi sama," in ji mai goyo, da ta samu numfashi. "Wannan ko ni na sani."

Anti Babba ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta ja shi har gira. Ta buɗe aljihun tebur ta rufe ba ta ɗauki komai ba.

"Dokar," ta ce, "tana magana ne a kan abin da ya yi tsalle kawai. Wanda ya yi tsalle kuma ya tashi, wannan wani babi ne daban. Ƙoƙo, wuce aji. Ke kuma ki ɗauke min kwalbar nan daga tebur, kuma gobe a kitse kan nan, kada a bar shi a buɗe kowa yana sauka."

"In sha Allahu, Anti. Na gode."

Ta tsaya har ta ga gida biyun nan sun shige ƙofar aji suna rawa. Sannan ta fito, ta buɗe kwalbar a gindin shukar bakin gini, ta kira gida ta ce a sauke ruwa daga wuta. Ta makara sosai, mai shago zai yi magana.

Tana cikin sauri ta ji wani abu yana tafiya a bayan wuyanta, a hankali, yana gangarawa. Iyaye suna tsaye bakin ƙofa suna kallonta, Anti tana taga. Ba ya cizo, ita ta faɗa da bakinta. Ta miƙe wuya, ta riƙe jaka da hannu biyu, ta yi tafiyarta a natse har ta sha kwana. A nan ta ajiye jakar a ƙasa ta yi susa son ranta.